Ruwa ba ya tsami banza: kifayen Sanusi da dunƙulen kanwa

Sanusi Zariya 2: Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah a taimaka mini da gaggawa. Da asubar nan na tarar kifayena gupi tara sun mutu, moli biyu kuma na kwance a ƙasa suna numfashi da ƙyar. Akwariyom ɗin, wato akwatin gilashin da suke ciki, tsawonsa santimita 80, faɗi 35, zurfi 40, ruwan ciki ya kai lita 100. Tun shigowar zafi ban sake ruwa ba, ƙari kawai nake yi in ya ƙafe, don famfon unguwarmu sai tsakar dare yake kawowa, abin da aka tara kuma na girki da wanka ne. Kwana huɗu ke nan na ga kifayen sun matse fiffike a jiki, sun daina rububin abinci. Na tsoma takardar gwaji, pH, ma'aunin da lambarsa ke sauka in tsami ya yi yawa, ta nuna ƙasa da 6, launin ya ƙure takardar. Jiya bayan isha'i na tuna yadda inna ke kashe tsamin yakuwa da kanwa, sai na ɗauko dunƙule kamar goro guda na jefa bayan filta, na'urar tace ruwan. Yanzu takarda na nuna 8.5. Na tsamo abin da ya rage, bai kai ƙwayar gujiya ba. Ɗiyata ce ta fara ganinsu ciki sama, har yanzu ba ta daina kuka ba. Mi zan yi?

Habu mai kifi: Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Yaya Sanusi, zuba gishiri cokali biyu maza, ka ƙara iska.

Mushe Idi: Iska e, gishiri a dakata. Sanusi, bar karanta komai sai ka yi wannan. Ɗebe sulusin ruwan, wajen lita 30, ka mayar da ruwan famfo wanda ya kwana a bidon, zafinsu ya zo ɗaya da na akwariyom. Ka zuba a hankali ta siririn tiyo. Babu abinci yau da gobe. Kada ka wanke soson filta. Gobe da safe ka sake ɗebe wani sulusin. In ka gama ka dawo in yi maka bayani.

Baba Alhaji Mamman: Sulusi bai yi yawa ba, Mushe? Kifin da ya sha wuya jiya, yau kuma a sake juya mishi ruwa? Ni da bokiti ɗaya zan fara.

Mushe Idi: Baba, a ranar lafiya maganarka ita ce daidai, ni ma ita nake bi. Amma yau akwai guba a ruwan, tana ƙona musu jan naman nan na gefen kai da suke numfashi da shi. Rage ta ya fi gaggawa.

Baba Alhaji Mamman: To, bismillah. Ɗana Sanusi, yi yadda ya ce.

Sanusi Zariya 2: Na gama, Mushe. Moli ɗaya ta tashi tana iyo, ɗayar ta tafi. Wace guba ce kake faɗi? Ni kanwar miya na sa, wadda muke ci kullum.

Mushe Idi: Gubar ba daga kanwar ta fito ba, kanwar ta tashe ta ne daga barci. Bari in ɗauko maganar daga tushe, don na lura a zauren nan ana haɗa abubuwa uku a kira su da suna ɗaya.

Akwai pH, wato ko ruwa na da tsami ko babu a daidai lokacin da aka gwada. Akwai GH, nauyin ruwa, wato yawan kalsiyam da magniziyam, su ne ke hana sabulu kumfa, su ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi. Sai KH, yawan bikarbonat da karbonat. Ni garkuwa nake kiransa, don shi ke shanye duk tsamin da ya shigo ruwa kafin ya taɓa pH.

Daga ina tsamin ke shigowa? Daga kifin da kansa. Kifi na fitar da amoniya, ƙwayoyin cikin soson filta su mai da ita nitrit, sannan nitrat. A cikin wannan aikin suna sakin tsami, kuma kowane miligiram ɗaya na nitrojin yana cinye wajen miligiram 7 na garkuwar. Ga lissafi: abinci giram ɗaya a rana, mai furotin kashi 40 cikin ɗari, yana ɗauke da nitrojin miligiram 64. A ce rabi ya fito cikin ruwa, wajen 30. Sau bakwai, 210. Raba wa lita 100, kusan miligiram 2 ke nan a kowace lita kullum. Digiri ɗaya na KH miligiram 17.9 ne a lita. In ruwanka KH 2 gare shi, kafin sati uku garkuwar ta ƙare. Ɗan ƙarin da kake yi bai isa ya cike gurbin ba. Ranar da ta ƙare, pH ba ta saukowa a hankali, rikitowa take yi.

Da pH ta yi ƙasa da 6, ƙwayoyin filta sun yi sanyi da aiki, amoniya ta fara taruwa. Sai dai a cikin tsami kusan duka tana nan a siffar da ba ta ratsa jikin kifi. A zafin digiri 30, in pH na 6, mai gubar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. A pH 8 ta kai kashi 7 cikin ɗari. A 8.5 ta zama kashi ɗaya cikin biyar. To ka ga abin da ya faru cikin dare ɗaya: amoniyar makonni ta farka gaba ɗaya, ga kuma jikin kifi da aka fizgo daga tsami zuwa kanwa ba shiri.

Sanusi Zariya 2: Innalillahi. Ke nan da hannuna na kashe su.

Baba Alhaji Mamman: Kada ka ce haka, ɗana. Niyyar ceto gare ka. Babu ɗayanmu nan da bai taɓa binne kifi ba. Ka rarrashi ƴar tawa, ka ce mata in ruwa ya zauna akwai gupi goma a wurina, nata ne.

Lawali Jiratawa: Mushe, ina girmama iliminka, amma ban yarda a ɗora wa kanwa laifi ba. Ai ka faɗa da bakinka, yawa ne da gaggawa. Bikarbonat ɗin da kuke saye a farmasi, mi ya raba ta da kanwa? Uwa ɗaya uba ɗaya. Mu masu tarwaɗa ba mu da kuɗin farmasi don kwalbati mai lita dubu biyar. Abin da ke kasuwa da shi muke aiki. Kullum sai a raina namu a yabi na kwali.

Mushe Idi: Yaya Lawali, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba na raina kanwa. Tsantsar kanwa haɗi ce ta bikarbonat da karbonat na sodiyam, dangi ne ƙwarai. Bambancin biyu ne. Bikarbonat komai yawan da ka zuba, pH ba ta wuce wajen 8.3. Karbonat kuwa tana iya kai ruwa 10 har 11. Na biyu, in na auna giram 3 na bikarbonat na san abin da na auna. Kanwa kuwa ta Manga daban, ta Dallol daban, jar kanwa daban, ungurnu daban, kowace da nata gishiri da ƙasa da yashi. Dunƙule biyu daga tire ɗaya ma ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Goron da Sanusi ya jefa, a ce giram 20 ne kuma tsantsa ce, ya isa ya ɗaga KH da digiri 7 a lita 100.

Lawali Jiratawa: To in mutum ba shi da komai sai ita fa? Ya zuba ido kifi ya mutu?

Mushe Idi: A'a. Ya jiƙa ta a kwalba, ta kwana ƙasar ta kwanta, ya tsiyaye ruwan sama. Ya ɗebi bokitin lita 10 na ruwan famfo, ya ɗiga kaɗan da sirinji, ya gwada KH da pH, har ya gane mililita nawa ke ba shi digiri ɗaya. Wannan kwalbar ya san ƙarfinta. In ta ƙare, sabuwa sabon gwaji. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne a jefa dunƙule.

Lawali Jiratawa: Wannan na karɓa. Amma ka sani tarwaɗa ba gupi ba ce, tana ɗaukar abin da waɗannan ƴan ƙwalisar ba su ɗauka. Mu har farar ƙasa muke sa wa kududdufi.

Mushe Idi: Tun da ka ambace ta, don Allah kowa ya ji. Farar ƙasar da ake shafe bango da ita, wadda aka ƙona aka jiƙa, pH ɗinta ta haura 12. Masu kiwo na barbaɗa ta a busasshen kududdufi kafin a sa ruwa, don kashe cuta, kifi bai shiga sai bayan kwanaki. Ba ita ce garin farin dutse irin wanda ake haƙowa a Malbaza don siminti ba. Shi ɗanyen dutsen narkewarsa a hankali ce. Suna ya yi kama, aiki ya sha bamban. Kada ta shafen bango ta kusanci akwariyom.

Lawali Jiratawa: Haka ne, a busasshe muke sawa. Wannan babu gardama.

Habu mai kifi: Ni fa abin da ya ɗaure mini kai, na taɓa zuwa gidan Yaya Sanusi, na ga farin layi ya zagaye gilashin ta sama, har da farce ba ya fita. Na tsoma mitar TDS ta nuna sama da 400. Ruwa mai nauyi haka ta yaya zai rasa garkuwa?

Mushe Idi: Ƙanena, mitarka ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta san sunan kowa ba. Wutar da ke ratsa ruwa take aunawa, duk abin da ya narke ta haɗa ta ba ka jimla: kalsiyam, gishirin da kake cewa a zuba, nitrat, duka. In ruwa ya ƙafe, ruwan ne kaɗai ke tashi, kalsiyam na nan. Kana ƙari, yana taruwa, GH na hawa. KH kuwa cinye shi ake yi. Shi ya sa tsohon ruwa a watan Afrilu da Mayu kan zama mai nauyi kuma mai tsami a lokaci ɗaya. Gishirin girki bai ƙara GH, bai ƙara KH, lambar mita kawai yake ɗagawa.

Sanusi Zariya 2: Barkanmu da safiya. Babu wanda ya mutu a daren jiya, alhamdu lillahi. Na yi sulusi na biyu. Mushe ya aiko ɗalibinsa da kwalaben ɗigo na gwajin ruwa na kamfanin API, ya nuna mini: mililita 5 a ƴar kwalba, ana ɗigawa ana girgizawa ana ƙirga. Ruwan famfonmu: KH ɗigo 2 ya juya daga shuɗi zuwa rawaya, GH ɗigo 3 daga ruwan lemo zuwa kore. Abin mamaki, ruwan da na tara yanzu pH 6.5, wanda ya kwana da iska a ciki 7.2. Ruwa ɗaya ne fa. Na akwariyom yanzu KH 4, pH 7.6.

Mushe Idi: Madalla. Bambancin nan iskar CO2 ce da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke fitowa da ita, in ya kwana ta fice pH ta hau. Kullum na kwana za ka riƙa gwadawa. KH 4 wuri ne mai kyau, riƙe shi nan. Tun da famfonka 2 yake bayarwa, duk sake ruwa sai ka cike gibin. Giram 3 na bikarbonat a lita 100 digiri ɗaya ne. Hanya mafi sauƙi: je wurin maƙeran zinariya su auna maka giram 30 a ƙaramin sikelinsu, ka narkar a ruwa lita ɗaya. Mililita 10 na wannan haɗin na ɗaga lita 10 da digiri ɗaya. Bidon mai lita 25 da kake son ya tashi daga 2 zuwa 4, mililita 50 ke nan. A bidon ake haɗawa, ba a kan kifi ba. Kada ka wuce digiri ɗaya a rana a cikin akwariyom. Kuma ka duba kwali da kyau, garin tashin kek ba shi ba ne, akwai tsami da sitaci a cikinsa.

Baba Alhaji Mamman: Ni dai ga tawa, ku yara ku ɗauka ko ku bari. Shekara goma sha biyar ina da kifin gilashi a zaure, ban taɓa mallakar sikeli ba. Ɓawon ƙwai nake tarawa wurin mai shayin ƙofar gida, in dafa shi, in ɓare farar fatar ciki, in shanya, in farfasa da kwalba, ba gari ba, kamar tsakin masara. Cikin kofin shayi ɗaya in ƙulle a yankin gidan sauro in tura cikin filta. Kowace Juma'a kafin masallaci bokiti biyu su fita, biyu su shiga. Ƙullin wanga in ya motse in ƙara. Shi ke nan. Maganin da sai ka tuna ka auna, wata rana tafiya za ta kama ka, ko zazzaɓi, ka manta. Ƙullina ba ya mantuwa.

Mushe Idi: Baba, abin da kake yi ya fi nawa dacewa da mafi yawan mutane, kuma kimiyya na bayanka. Ɓawon ƙwai kusan duka kalsiyam karbonat ne. In ruwa ya fara tsami sai ya narke, in tsami ya tafi sai ya tsaya da kansa. Yana ba da GH da KH tare. Haka makankari, haka ɓawon da masu abincin kaji ke sayarwa a farfashe. Aibinsa ɗaya, jinkiri. Ranar da gida ke ci da wuta ba shi ake nema ba. Sanusi ya sa ƙullin yau, ya riƙe da bikarbonat sati biyu ko uku har ƙullin ya kama aiki, sannan ya gwada ya gani ko zai iya barinta.

Zainabu ta jami'a: Sannunku iyayena da yayyena. Ni katantanwa ce damuwata. Ƙoƙon bayansu ya yi fari ta tsinin, ya yi ramu-ramu kamar an ƙwaƙule da allura, ɗaya har ya huje ina hango naman. Wata biyu ina sa bikarbonat, KH 5, amma abin bai tsaya ba.

Mushe Idi: Zainabu, GH nawa?

Zainabu ta jami'a: Ɗigo 2, Mushe.

Mushe Idi: To ga shi nan. Bikarbonat sodiyam ce, babu kalsiyam ko ɗis a cikinta, katantanwa kuma da kalsiyam take gini. Ƙullin Baba ne maganinki, sai dai tun da pH ɗinki ta riga ta hau, zai yi nawar narkewa. Ki haɗa da jifsum, farin ma'adini mai kalsiyam, giram 3 a lita 100 digiri ɗaya ne na GH, ba ya taɓa KH. Gishirin Epsom na farmasi shi ma yana ɗaga GH, giram 4 da ɗan ɗori a lita 100, amma magniziyam ne zalla, lambar za ta hau ƙoƙo bai samu komai ba. Wurin da ya riga ya zaizaye ba zai koma sabo ba, sabon tofon da ke bakin ƙoƙon za ki riƙa dubawa.

Balkisa Tarna: Ni kuma tawa matsalar kishiyar ta Yaya Sanusi ce. Rijiyar gidanmu kusa da Gulbi take. Maigida ya kai ruwan labo, takarda ta ce TH 25, TAC 18. Na duba a intanet na ga an ce kifin neyon da skalar ba su son GH ya wuce 8 ko 10. Ni da 25 ina zan sa kaina? Na sayi maganin rage pH, in na ɗiga da dare ta sauka 6.8, gari na wayewa ta koma 8. Kwalba ta kusa ƙarewa, neyon shida saura biyu.

Mushe Idi: Hajiya Balkisa, duba gaban lambobin, akwai ƙaramin f?

Balkisa Tarna: Akwai, °f aka rubuta.

Mushe Idi: To sauke rabin damuwar. Labo na ƙasarmu Nijar da digirin Faransa suke aiki, kwalaben ɗigo da yawancin abin da ake rubutawa kan kifi kuma da digirin Jamus. Na Faransa miligiram 10 ne a lita, na Jamus 17.9. Ki raba da 1.79. TH shi ne GH, naki 14. TAC shi ne KH, naki 10. Mai nauyi ne, amma ba 25 ba.

Maganin kuma ki ajiye shi yau. Garkuwa mai digiri 10 kike yaƙa da ɗigo. Kina zubawa, bikarbonat ta shanye, CO2 ta fita cikin dare, pH ta koma gidanta. Wannan hawa da sauka na kullum ya fi cutar da neyon a kan a bar su a 8 ɗin. Ranar da kuka cinye garkuwar kuma, ɗigo ɗaya zai kai ki inda Sanusi ya fito.

Habu mai kifi: Ruwan lemon tsami ko tsamiya fa? Ko bagaruwa, na ji tana mai da ruwa ruwan shayi kamar na Amazon.

Baba Alhaji Mamman: Habu, bagaruwa? Je majema ka ga abin da take yi wa fatar jar akuya. Abin da ke jeme fata shi za ka jiƙa wa kifi?

Mushe Idi: Baba ya gama magana. An ma san ruwanta na kashe katantanwa. Lemo da tsamiya kuwa ƙwayoyin ruwa ke cinye tsaminsu, ruwa ya yi fari-fari, iska ta ragu, pH ta dawo. Kafin wani ya kawo alam: tana kwantar da laka, gaskiya ne, amma tana cin KH, kuma a ruwa mai tsami alminiyam ɗinta guba ce ga kifi. Nauyin ruwa ba a kashe shi da ƙarin wani abu, sirka shi ake yi da ruwan da ba shi da komai. Rabi da rabi da ruwan injin osmos, injin da ke tace abin da ya narke a ruwa, 14 ta koma 7, 10 ta koma 5. Fiya wata kada a ɗauka duk na osmos ne, wani tacewa kawai aka yi, a nan mitar Habu ke da amfani. Ruwan sama ma ya yi, amma a bar na farkon damina ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, kuma wanda ya gangaro ta kwanon rufi yana iya ɗauko zinki. A shimfiɗa leda mai tsabta a tsakar gida a tara ya fi.

Balkisa Tarna: Damina wata uku ce ko huɗu, Mushe. Sauran watannin fa? Ba ni da wurin ajiye tano biyar don ƴan kifin nan.

Baba Alhaji Mamman: Ƴata, ga inda nake son a zo. Allah ya ba ki ruwan da moli da gupi da filati ke so, ruwan da masu kifin tafkin Malawi ke kashe kuɗi su haɗa, ke kuma kin nace sai kifin da ruwanki bai karɓa ba. Shi Sanusi mai ruwa marar nauyi ya cika gilashi da moli. Kowa ya ɗauki kayan ɗan uwansa. Ki tambayi rijiyarki mi take so kafin ki tambayi idonki.

Balkisa Tarna: Baba, na ji, kuma gaskiya ce. Amma wallahi neyon ɗin nan su suka sa na fara kiwon. In an kashe fitilar ɗaki aka bar tasu, shuɗin layin nan yana walƙiya, yarana sai su zauna shiru a gabansu. Ba zan iya haƙura da su gaba ɗaya ba.

Zainabu ta jami'a: Anti, ki ware musu ƙarami mana, mai lita 40. Sake ruwan sati bai fi lita 10 ba. Babban kuma ki sa moli a ruwan rijiya yadda yake.

Lawali Jiratawa: Ku tsaya. Sanusi na neman nauyi, Balkisa na neman ragi, tsakanin unguwar Zariya da Tarna tafiyar moto ce. Mi zai hana su yi musayar bidon? Mushe, buga mana lissafi.

Mushe Idi: Yaya Lawali, yau ka fi ni. Rabi da rabi: KH 2 da 10 sun ba da 6, GH 3 da 14 sun ba da 8 da rabi. Gupi da moli ba su neman fiye da haka, babu bikarbonat babu sikeli. Na neyon kuma, mudu uku na famfon Sanusi, ɗaya na rijiya: KH 4, GH kusan 6. Sharaɗi ɗaya, a gwada nitrat na rijiyar tukuna. Rijiya marar zurfi kusa da lambu ko shadda takan ɗauko shi da yawa. Hajiya, takardar labo ta nuna?

Balkisa Tarna: Akwai layin NO3, wato nitrat, an rubuta 12.

Mushe Idi: Miligiram 12 a lita ba matsala. Ruwan famfon kuma ya kwana a buɗe saboda jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sa mishi. Sannan ina roƙon kowa abu ɗaya: waɗannan ɗigon na kifi ne, kada wani ya gwada GH da KH ya ce ruwansa ya yi kyau a sha. Mun san abin da sinadarin fulor na cikin ruwan sha ya yi wa yaran garin Tibiri, haƙora suka rine, ƙasusuwa suka lanƙwashe, ruwan kuma garau yake a ido. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 1.5 ce a lita, babu kwalbar kifi da ke ganinsa. Ruwan sha labo ake kai shi.

Sanusi Zariya 2: Salamu alaikum, yau kwana goma sha biyu. Ba a sake rasa ko ɗaya ba. Na karɓo bidon biyu daga Tarna ranar Lahadi, na kai musu biyu, maigidan Hajiya har da ba ni mangwaro. Kowane kwana uku ina sake lita 15 da haɗin rabi da rabi. Yau KH 5, GH 6, pH 7.6 safe da yamma. Ƙullin ƙwai na cikin filta, bikarbonat na daina tun Laraba. Molin da ta tsira ta haihu daren jiya, mun ƙirga ƴaƴa goma sha ɗaya a cikin ciyawa, ɗiyata ta hana kowa kunna babbar fitila kada su firgita. Baba, gupin nan sai yaushe?

Baba Alhaji Mamman: Ba yanzu ba, ɗana. Bari filta ta dawo da ƙarfinta, sati biyu nan gaba, kuma biyar za ka fara ɗauka. Ka zo da bokiti mai murfi, ka zo da ita ta zaɓa da kanta.

Mushe Idi: Sanusi, kafin nan ka gwada nitrit ranar Asabar ka turo mini. Kwalaben kuma in ka gama ka miƙa wa Zainabu, tana jiran na GH.

Lawali Jiratawa: In sun gama zagayen su biyo ta Jiratawa. Na jiƙa kanwa a kwalba tun shekaranjiya, ina son in san ƙarfinta.